Sanduna uku na gado: yadda ake gane tsohuwar sanda da abin da ke ba ta daraja

Tambaya: Wani bawan Allah daga Tudun Wadan Kaduna ya aiko cewa da aka zo rabon gadon mahaifinsu an tarar da sanduna uku a bayan akwati, asalinsu na kakansu ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ɗaya baƙa ce mai nauyi, an sassaƙa mata kai, an naɗe wuyanta da fata. Ta biyu ta kwagiri ce, ruwan zuma, mai farin kai da zoben farin ƙarfe da aka buga wa 'yan tambura ƙanana. Ta uku gajera ce, ba ta kai ta dogarawa ba, tana da hular tagulla mai hoton bishiya. Wani dillali ya taya su a dunƙule, ya ce a goge su da samfefa a shafa musu banish kafin ya dawo. Yana so ya san ko tsofaffi ne da gaske, me ke sa sanda ta yi daraja, da yadda zai adana su in ya fasa sayarwa.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da suka bari. Maganar samfefa da banish a ajiye ta gefe tun yanzu. Mai sayen tsohuwar sanda shekarun da ke jikinta yake biya, shekarun nan kuwa a bayan itacen suke zaune: duhun da gumin hannu ya bari, santsin da riƙo ya yi, cin da ƙasa ta yi wa gindi. Samfefa za ta share wannan duka cikin minti goma, babu kuma gwanin da zai mayar da shi. Dillalin da ya ce a goge, ko dai bai san kayan ba, ko kuwa masu sayensa 'yan ado ne da ƙyalli kawai suke nema, waɗanda ba za su biya kuɗin tsufa ba. Tayi a dunƙule ma abin lura ne. Bisa bayaninka abubuwa uku ne daban-daban, kowanne da ma'auninsa da masu nemansa, kuma sau da yawa ɗaya ake hari a cikin tari, sauran rakiya suke yi. Ka ce masa ya yi wa kowace kuɗi ita kaɗai. Inda ya ɗora kuɗi mafi yawa, nan idonsa yake.

Sanda ta daɗe tana faɗin matsayin mutum kafin ya buɗe baki. A kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a Masar a 1922 an sami sanduna wajen 130. A ƙasar Asante ta Gana, mai magana da yawun sarki yana riƙe sanda mai sassaƙaƙƙen kai da aka lulluɓe da zinariya, kowane sassaƙa da karin maganar da yake nufi. A Ingila da Faransa, daga ƙarni na 17 har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai hali ba ya fita babu sanda ko da ƙafarsa lafiya lau, yana da ta yawon rana yana da ta zuwa biki da dare, har laima da mota suka zo suka kashe yayin. A nan gida kuwa liman na hawa mumbari da tasa, makiyayi na saɓa tasa a kafaɗa, dattijo na da tasa ta zuwa masallaci da fada. Sandar girma ta sarauta a siffar da muka santa yau tsari ne da ya kafu tun zamanin Gwamna Lugga, lokacin da aka kasa sarakuna daraja-daraja, mai daraja ta ɗaya sandarsa da kan azurfa, mai daraja ta biyu da kan tagulla. Har gobe gwamna ke miƙa ta, kamar yadda aka miƙa wa Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli a Zariya cikin Nuwamba 2020. Wannan ba kayan kasuwa ba ce. Duk wanda ya kawo maka sanda ya ce ta sarki wane ce, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi, ko kayan sata ya ɗauko, babu kuma na saye a ciki.

Kaduna gari ne na jiya-jiya in an kwatanta da Zariya, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Saboda haka tsohuwar sandar da za a samu a gidajen Tudun Wada, Unguwar Shanu ko Kakuri yawanci biyo mutum ta yi: soja, ma'aikacin jirgin ƙasa, akawun gwamnati, ko kukun da Baturensa ya bar masa kyauta ranar tafiya gida. Kasancewar kakanku ma'aikacin jirgi ne ya sa kayan nan uku sun dace da juna, wannan kansa alama ce mai kyau.

Kayan dubawa ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, ɗan maganaɗisu, tef ɗin tela, sikelin kicin, tocilan, da auduga. A yi dubawar da safe a inuwa mai haske. Sanda sassa huɗu gare ta, kai, zoben wuya, jiki, da ƙarfen gindi, kuma daga gindi ake farawa domin nan ne mai jabu ya fi mantawa. Sandar da aka taka ƙasa da ita shekaru gindinta a karkace yake cinyewa, gefe ɗaya ya fi ɗaya, saboda kowa da yadda yake jefa sandarsa. Gindin da ya cinye daidai wa daida ta kowane gefe, zarto ne ya ci shi. Tsofaffin sandunan Turai da yawa ƙarfe biyu ne a gindinsu, kwanson tagulla ko farin ƙarfe a sama da baƙin ƙarfe a can ƙarshe, maganaɗisu zai kama ƙarshen ya saki kwanson. Na ƙarni na 18 ƙarfen gindinsu dogo ne, yakan wuce santimita 10, domin titunan lokacin taɓo ne, da aka shimfiɗa tituna sai ya gajarce. Roba a gindi ba ta ƙaryata tsufa, wataƙila daga baya aka sa, a zare ta a hankali a ga abin da ke ƙasa.

Ta kwagirin nan ita ce mafi sauƙin tantancewa, domin ta zo da shaidarta a wuya. In jikinta ba nauyi, launinsa ruwan zuma da ɗigo-ɗigon ja-ja, kuma in ka murza ta a tsakanin yatsu ka ji wani ɗan tudu siriri da ya bi tsawonta, to da alama kwagirin Malaka ne, wanda ke fitowa daga dazuzzukan Malesiya da Sumatra. Wanda aka fi so shi ne wanda tsawonsa duka gaɓa ɗaya ce, babu ƙulli daga wuya har gindi, domin samun gaɓa mai tsawon santimita 85 zuwa 90 ba kullum ba ne. Masu araha akan kankare musu gaɓa a shafe da fenti, in ka haska tocilan a kwance tare da jikin za ka ga wurin ya ɗan lotsa kuma launinsa ya bambanta.

Sai tamburan. A azurfar Ingila za ka ga zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ma'anarsa azurfa ce kashi 925 cikin dubu. Kusa da shi akwai alamar garin da aka auna ta: kan damisa na Landan ne, anka irin ta jirgin ruwa ta Birmingham ce, dammunan alkama uku da takobi na Chester ne, wanda aka rufe ofishinsa a 1962. Sai harafi guda da ke nuna shekara, da haruffan farko na sunan maƙerin. In akwai kan sarki ko na sarauniya a jere da su, galibi alamar biyan haraji ce da aka yi amfani da ita daga 1784 zuwa 1890, in ita ce kuwa an yi zoben a 1890 ko kafin nan. Inda mutane ke kuskure shi ne harafin shekara: haruffan zagayowa suke yi bayan shekara ashirin ko ashirin da wani abu, saboda haka harafi ɗaya yana iya nufin shekaru da dama, salon rubutunsa da siffar akwatin da ya kewaye shi su ke rabewa. A ɗauki hotonsa ta cikin gilashin, a gwada da jadawalin garin da ya dace, akwai su a intanet. In kuwa ka ga EPNS, ruwan azurfa ne kawai aka yi wa farin ƙarfe. Azurfar Faransa tambarinta kan mace mai hular yaƙi ne, daga 1838, ta Jamus kuma jinjirin wata da kambi, daga 1888, galibi da lamba 800.

Tambari shekarun zobe kaɗai yake faɗa. Akwai masu ɗauko tsohon zobe su haɗa da sabon kai da wani jiki daban. Ka duba ko faɗin kan da na jikin sun haɗu lafiya a ƙarƙashin zoben, ko akwai busasshen gam da ya tsattsafo, ko itacen da ke bakin zoben ya nuna inuwar wani zobe da ya fi wannan faɗi. Kusoshi masu kan gicciye sai bayan 1930 suka yaɗu, sandar da ake cewa ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce ba ta da abin yi da su.

Farin kan shi ne wurin taka-tsantsan. Abu huɗu yake iya zama. Hauren giwa yana da sanyi da nauyi a hannu, kuma a saman kan, inda aka yanka shi a gicciye, gilashi zai nuna layuka sirara masu lanƙwasa suna ratsa juna suna yin raga. Ƙashi ba shi da wannan, sai ɗigo-ɗigo da 'yan tsage baƙaƙe, hanyoyin jini ne da datti ya cika. Tsohuwar robar da aka fara yi wajen 1870 don kwaikwayon haure layukanta a miƙe suke reras, in an murza ta da kyalle ta yi ɗumi takan yi warin kafur. Robar zamani da aka zuba a mazubi kuwa ba ta da sanyi, za ka ga layin haɗin mazubin da 'yan ramukan kumfa. Kada a yi gwajin allura mai zafi da ake yawan faɗa. In haure ne ka yi masa tabo, in tsohuwar robar nan ce tana iya kamawa da wuta nan take.

In ya tabbata haure ne, to ya ƙara mata kyau amma ya rage mata kasuwa. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Nijeriya ta kafa dokar kare namun daji masu ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe haure kimanin tan biyu da rabi a Abuja. Ingila ma, inda masu tara irin wannan sanda suke da yawa, dokarta da ta fara aiki a 2022 ta hana sayar da kayan haure sai 'yan kaɗan, kamar abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren jikinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, shi ma sai an yi masa rajista. Shawararmu, irin wannan a bar ta a gida a matsayin gado, kada a sa ta a jaka a nufi filin jirgi, kada a tallata ta a Facebook.

Gajerar ba ta dogarawa ba ce, sandar hafsa ce da ake maƙalewa a hammata, tsawonta kan kama santimita 60 zuwa 70. Bishiyar da ke hular, in mai kama da kwakwa ce, tambarin rundunar sojan Afirka ta Yamma ce ta zamanin Turawa. Duba haruffan da ke ƙasanta. RWAFF na nufin daga 1928 zuwa 1960, domin a 1928 aka ƙara harafin R, in kuwa WAFF ne kawai to ta girmi haka. Masu tara kayan soja suke nemanta, ba masu tara sassaƙa ba, kuma abin da ke ɗaga ta shi ne a san hafsan da ya riƙe ta. A tambayi manya ko kakan ya taɓa aikin soja kafin jirgin ƙasa, ko ba shi aka yi.

Baƙar ita ce mai wuya, ita ce kuma muka fi so a natsu a kanta, domin masassaƙinmu ba ya buga tambari. Da farko a san ko baƙin na itace ne ko na shafe. Itace baƙi na gaske, irin wanda ke fitowa daga kurmin kudu da Kamaru, nauyinsa ya kai na ruwa ko ya ɗara, saboda haka sanda mai tsawon santimita 90 da kaurin santimita biyu da ɗan ɗori za ta kai giram 350 ko fiye. Farin itace mai wannan girma da aka rina da ƙyar zai wuce giram 200. Kanya tamu danginsa ce amma ba kullum cikinta ke yin baƙi ƙirin ba, ƙirya kuwa ja ce mai duhu, marke da maɗaci kowanne da launinsa, kuma dukansu shekaru da hayaƙin ɗaki na iya mayar da su kusan baƙi. Leƙa can cikin yankan sassaƙa mafi zurfi, ko inda ya ɗan ɓantare. In ciki fari ne, rini ne. Sannan a ɗiga sifirit kaɗan a auduga a taɓa wuri ɓoyayye kusa da gindi, taɓawa ɗaya. Baƙi ƙirin a audugar man takalmi ne ko rini, ruwan ƙasa mara yawa tsohon datti ne, a tsaya nan.

Sai sawun kayan aiki. Gizago da wuƙa kan bar 'yan fuskoki ƙanana marasa daidaito da yatsa ke ji ko ido bai gani ba. Injin juya itace zobba yake bari masu kewaye jiki daidai da juna. Injin sassaƙa na lantarki kuwa ramin da yake yi gindinsa a zagaye yake, da ɗan gashi-gashi a gefe. Tsufan gaskiya ba ya raba kansa daidai: inda tafin hannu ke zama da tudun sassaƙa sun yi sumul suna sheƙi, lunguna sun yi duhu da tarin ƙura, tsakiyar jiki kuma da 'yan ƙwarzane ta ko'ina ba tsari. Tsufan da aka ƙirƙira ko'ina iri ɗaya ne, ƙwarzanensa a jere suke sun bi hanya ɗaya, sau da yawa da warin hayaƙi sabo ko na man takalmi. Har ramukan ƙwaro ake hudawa da ƙusa. Zura siririyar allura: ramin ƙwaro na gaske lanƙwasa yake yi a ciki, allura ba ta nisa, na ƙusa kuwa a miƙe yake.

Fatar wuyan ma tana magana. Aikin dukawa na da, fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa, ja daga karan dafi, a ɗinke ta da danshinta a jikin sanda ta bushe ta kama gam, za ka ga ɗinkin a baya. Jan yakan koma ruwan hanta da shekaru. Fatar da aka manna da gam, mai ja kamar jiya aka rina, sabuwa ce, ko da yake ana iya sake wa tsohuwar sanda fata. Ba ka faɗi abin da aka sassaƙa a kan ba. Aikin ƙasar Hausa ya fi karkata ga zayyana, dagi, layuka da ƙulle-ƙulle, saboda ƙyamar surar mai rai, ado kuma ya fi zuwa ta hannun baduku da maƙerin fari, ko tagullar Bida. Kan mutum, giwa, zaki ko maciji mai naɗe jiki galibi daga kudu ne ko tsakiyar ƙasa, ko kuma aikin kasuwa ne irin wanda ake yi a Binin da Kenya da Tanzaniya don baƙi. Fatake sun daɗe suna kai irin wannan ƙofar otal-otal da gidajen Turawa. Wadda aka sassaƙa don Bature a 1960 yau ta haura shekara sittin, tsohuwa ce ba ƙarya, amma darajarta ba ta kai ta wadda aka yi wa wani dattijo sananne ya riƙe ta rabin rayuwarsa ba.

Ga kuma doka a kanta. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta lissafa sanda a cikin kayan tarihi, muddin aikin gida ce kuma an yi ta kafin 1918, ko an taɓa amfani da ita a bikin gargajiya tana da muhimmancin tarihi. Irin wannan ba a sayar da ita sai ta hannun wanda hukuma ta amince masa, ba a kuma fita da ita waje sai da takardar izini. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu nan Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, nan ya kamata a kai ta, ko a fara kai hotunanta, a ji ta bakin ma'aikatansa.

Batun kuɗi, kada a sa rai da yawa. A Ingila an yi sandunan kwagiri masu zoben azurfa ba iyaka, wadda ba ta da wani abu na musamman daga 'yan gomomin fam zuwa ɗaruruwa kaɗan take tashi. Masu kai dubbai su ne masu sunan babban kamfani a jiki, kamar Brigg na Landan ko kawunan da Fabergé ya ƙera a Rasha, ko masu sassaƙar da ta fita daban, ko waɗanda aka tabbatar wani sananne ya riƙe. Abin da ke karya farashi kuwa an yanke tsawo, an sake kai, an goge, an tsage. Kasuwanninmu cike suke da sandunan Indiya da Sin masu kan tagulla, masu warwarewa gida uku, wasu da madubin hangen nesa ko kamfas a ka, har alhazai kan zo da su tsaraba. Ado ne mai kyau, amma ba tsofaffi ba ne ko an shafa musu duhu. A kuma murza kan kowace a ja a hankali, akwai masu takobi ko wuƙa a ciki, wadda jami'in tsaro a shingen bincike makami zai ɗauke ta, ba kayan tarihi ba.

Abin da zai fi ƙara wa naku daraja ba ya jikin itacen, yana bakin tsofaffin gidanku, kuma shi ne mai saurin ɓacewa. A zauna da gwaggo ko baffan da ya rage, a ɗauki muryarsa a waya: wa ya ba kaka, a wane gari, wace shekara ko zamanin wane sarki, wace yake riƙewa ranar Juma'a. A binciko tsofaffin hotuna, hoto ɗaya da ya nuna shi riƙe da sandar ya fi rantsuwar dillali goma. A rubuta tsawo da nauyin kowace, a ɗauki hoton kai, zobe, tambura, gindi da duk wata tsaga, a ɗaura mata 'yar takarda da zare, ban da salatif domin gam ɗinsa na cin itace. Tunda kuma gado ne, haƙƙin magada duka ne. A sa mutum biyu da ba su san juna ba su ƙiyasta kowace, in wani magaji yana so ya riƙe sai a lissafa masa a rabonsa da yardar saura.

Wajen adanawa, yanayin Kaduna shi ne babban abokin gaba. Da hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta ya haura 80, alhali itace da haure sun fi son wajen 50. Itace na kumbura da damina ya tsuke da rani, ƙarfe kuwa ba ya binsa, shi ya sa zobe ke yin sako-sako a Janairu, kai ya fara girgiɗi, tsaga ta buɗe. Nan ne ake gyaran gangar Auzinawa: a ɗura sufa gulu a tsagar, damina ta zo itace ya nemi rufewa ya tarar da abu mai tauri a tsakani, sai tsagar ta ƙara gaba. A bar ta, yawanci da kanta take komawa. In gyara ya zama dole, gam ɗin fata da ake narkawa da ruwan zafi ake sawa, domin ana iya warware shi gobe.

A kwantar da su a kan katako a cikin kabad na itace, kowace a naɗe da tsohon farin kyallen auduga, nesa da ƙasa da bango saboda gara. Jingina a lungu na shekaru yana lanƙwasa sanda, musamman kwagiri. Ban da leda da damina, tana kawo fumfuna. Ban da rana, ban da cikin mota, ban da saitin na'urar sanyaya ɗaki. Hayaƙin janareta da robar ɗaure kuɗi suna baƙanta azurfa. Shara da busasshen burushi mai laushi ta isa. Sau ɗaya a shekara, ƙarshen Oktoba kafin iska ta juya, a shafa wa itacen kakin zuma tsantsa gwargwadon ƙwayar gyaɗa ga sanda guda, a jira minti ashirin a goge da kyalle, ban da kan fata da farin kan. Makiyayi na shafa wa sandarsa man shanu ya gasa, daidai ne ga sandar aiki, amma a ta ajiya mai yana tsami, ya kama ƙura, ya jawo ƙwari, man gyaɗa da man ja ma haka. Azurfa kyalle mai laushi kawai, a ɗora yatsa a kan tamburan lokacin gogewa don kada su shafe. Toka, lemon tsami da man goge ƙarfe na Brasso suna cin ƙarfe, hular tagullar nan a bar ta da duhunta.

In ana zargin ƙwaro, a kwantar da sandar a kan baƙin kyalle mako biyu ba a taɓa ba. Gari mai haske a ƙarƙashin ramuka na nufin yana da rai. Maganinsa sanyi: a naɗe da kyalle, a sa a leda a fitar da iska a ɗaure sosai, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla kwana bakwai a jere, sannan a fito da ita a bar ta cikin ledar kwana guda kafin a buɗe, don raɓar ta sauka a kan leda ba a kan itace ba. Sharaɗin shi ne wuta kada ta yanke, saboda haka sai firizar da ke kan sola ko janareta. Wannan na baƙar ne kaɗai, mai farin kai ba ta shiga firiza, haure da ƙashi na tsagewa. Fiya-fiya, kananzir da baƙin mai ba sa kai wa ƙwaron da ke can ciki, sai tabo da wari da za su bari.

In akwai dattijo a gidan da ke buƙatar abin dogarawa, a saya masa sabuwa, a auna ta daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa yana tsaye da takalmi, hannu a sake. Tsohon itace ya bushe, yana iya karyewa ba gargaɗi, kuma ba a yanke tsohuwar sanda don ta dace da tsawon wani. Riƙe ta don ado ranar Sallah ko ɗaurin aure ba laifi, a sa mata hular roba a gindi saboda kwalta da siminti, in an dawo gida a cire robar, domin tana riƙe danshi ta sa ƙarfen tsatsa.